Ankon Zaɓen Tahani

Tahani 'yar Abduljalil mai gyaran firji a gabana ta girma, a Nuzla ta Jidda, lokacin da unguwar take tsaye da lungunanta da ƙanshin tsiren la'asar. Mahaifiyarta ta rasu tana jaririya. Maƙwabciyarsu Bashira, mai wankan amare da masu jego, ita ta ɗauke ta ta shayar da ita. Shi ya sa Tahani take ce mata Inna, kuma har yau ba ta iya haɗa ido da ita.

Bambanci ɗaya ne tsakanin gidajen biyu. Kakan Tahani ya sami takardar ɗan ƙasa tun da wuri. Mahaifin Bashira kuwa ya iso ta Sudan a ƙafa, ya ce hajji ya kawo shi, ba takarda ba. Don haka Bashira, haifaffiyar Jidda, da iƙama take zaune, takardar zama irin tamu ta baƙi.

Tahani ta karanta shari'a. Da farko tana rubuta ƙara a ɗakin baya na ofishin wani lauya, namiji ya ɗauka ya shiga kotu da ita. Da aka fara ba mata lasisi, ta karɓi nata ta buɗe ofis a Aziziyya. Mutanenta su ne matan da aka saka ba takarda, da waɗanda aka raba da 'ya'yansu. Yawancinsu Inna ce ke riƙo hannunsu ta kawo.

A 2015 aka ba mata damar tsayawa zaɓen majalisar birni, Tahani ta fito. 'Yar takara ba ta yi wa maza jawabi ido da ido, sai ƙaninta Mish'al, da suke uba ɗaya, ya riƙa karanta musu nata. Ɓangaren mata Inna ta riƙe, kuma ta yi shi yadda ta iya, wato kamar biki. Ta fitar da anko, koriyar atamfa, ta bi gida gida tana cewa ranar zaɓe kowa ta fito a jefa wa 'yarta ƙuri'a. Matata, Allah ya jiƙanta, ita ma ta ɗinka.

Tahani ta san sarai cewa 'yan ƙasa masu rajista kaɗai ke zaɓe. Ta je don ta faɗa, ta tarar da Inna ta baje atamfar a tabarma.

"Inna, akwai wata magana, ta katin ɗan ƙasa."

"Wane kati? Nan aka binne cibiyata tun babanki bai iya tafiya ba. Dubi wannan, bai yi ba? Ci masarki tana hucewa."

Ta ci masar. Ta yaya za ka dubi wadda ta shayar da kai ka ce mata kai ɗan gari ne, ita baƙuwa? Ta yi kara, ta bar wa Mish'al. Shi kuma ya ɗauka ta riga ta faɗa.

Ranar zaɓe da safe mata suka cika mota, anko a ƙarƙashin abaya, hannuwa sun sha lalle. A makarantar 'yan matan da ake zaɓe, Inna ta shige gaba ta miƙa iƙamarta. Ma'aikaciyar ta juya ta, ta mayar da hannu biyu.

"Ma'alesh ya khala, yi haƙuri, wannan ba ta zaɓe."

Haka suka juyo, ba mai guɗa.

Da yamma suka taru a tsakar gidan Inna, ba wadda ta cire ankonta. Zubaidatu mai ƙosai, wadda ba ta raga wa kowa, ta fara.

"Bashira, kin sa mun yi lalle don mu je gaida mai gadi?"

Daidai nan Tahani ta yi sallama, ta durƙusa a bakin ƙofa. Inna ba ta ko dube ta ba.

"Kada wadda ta ga laifin yarinya," ta ce. "Ta faɗa mini, ni na manta. Tsufa ne."

"To mai mantuwa ba za ta wanke mini jika ba," in ji Zubaidatu. "Wata rana a ruwan zafi za ki manta da ita."

Wasu suka yi dariya, amma ba duka wasa ba ne. Wankan jego aikin amana ne, kuma da shi ake girmama Bashira a Nuzla. Matata ta ce ta ga zufa na bin wuyan Tahani. Can Tahani ta buɗe baki da Hausarta mai ɗingishi.

"Ban faɗa ba. Wallahi na sani, na yi shiru. Inna ba ta manta komai ba."

Inna ta juyo ta dube ta.

"Ƙaryata ni kike yi a gaban mutane?"

"Eh, Inna," ta ce, kanta a ƙasa.

Inna ta daɗe tana gyara ɗankwalinta.

"Kun ji abin da na shayar. Halas, magana ta ƙare. Yalla, tashi ki zuba wa iyayenki shayi."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da butar, tana ba kowa haƙuri. Jikar Zubaidatu da ta haihu, Inna ce ta yi mata wanka.

Tahani ba ta ci zaɓen ba, ba ta kuma sake tsayawa ba. Tana nan tana lauyancinta, sai dai yanzu mace na zama za ta fara gaya mata abin da doka ba za ta ba ta ba, kafin a zo kan wanda za ta samu. Wasu na cewa ba ta da kara.

An rushe Nuzla, matan sun watsu, Inna ta koma gidan Tahani. Da ragowar atamfar nan ta ɗinka wa kujerar baƙi ta ofishin riga, ta sa da hannunta. Koren ya koɗe, bai ma dace da labulen ba. Kujerar tana fuskantar teburin Tahani, kuma ba ta taɓa cewa a cire ba.