Malam Haliru, Mai Ɗanyen Hoto na Boɗinga

Kafin masu albasa su gama ɗaure buhunansu a bakin tasha, Malam Haliru Mai Hoto ya riga ya buɗe shagonsa a Boɗinga. Zai share, ya rataya yadin bangon nan mai zanen furanni, ya fiddo kyamara, ya hura gilashinta ya goge da bakin riga, sannan ya zauna jiran jama'a. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka, tun zamanin da ake sa fim cikin kyamara. Bana ido ya soma gajiya, ya ce bayan Babbar Salla zai ajiye aikin.

Duk wanda ya taɓa zama gabansa ya san tambayarsa: "Ɗanye kaka so ko dafaffe?" Baƙo kan waiga ya duba ko wurin mahauci ya shigo. Abin da yake nufi shi ne, kyamarar zamani tana ajiye hoto iri biyu. Akwai JPEG, wanda kyamara ke gyarawa da kanta, ta matse shi, ta zubar da abin da take ganin ba a buƙata, kowace waya ta buɗe shi. Shi ne dafaffe. Akwai kuma RAW, wanda ke riƙe duk abin da haske ya kawo, ƙato ne, yana cinye katin ajiyar kyamara, kuma sai an zauna gaban kwamfuta an gyara shi. Shi ne ɗanye.

Hoton fasfo da na katin shaida, dafaffe yake yi, minti biyar ka kama gabanka. Amma biki ko suna, ko za ka yi kuka ɗanye zai ɗauka, ka jira kwana uku. Hajiya Daso mai ɗinki ta taɓa matsa masa sai ya tura mata hotunan sunan jikanta nan take. Ya tura guda ɗaya. Wayarta ta yi ta juyi, ta yi zafi, ta ƙi buɗewa. Ta dawo shagon tana huci ta ce, "Malam, hoto nic ce ka turo min, ba dutse ba!"

An daɗe ana yi masa dariya kan wannan taurin kai, har ranar da abin garin Dandin Mahe ya faru.

Shekara biyu da suka wuce aka yi wani ɗaurin aure can, Malam Haliru ya je ɗaukar hoto. A ranar bajimin Alhaji Abdulganiyyu, wani dillalin hatsi, ya ɓace. Alhaji ya rantse cewa da hannunsa ya ɗaure shi, kuma bai gusa daga wurinsa ba sai da ya shiga sallar azahar. Ya ce wanda ya sace shi Bala ne, wani makiyayi da ya ratsa da garkensa a lokacin. Magana ta kai gaban mai gari. Bala na tsugune, bai da shaida, ana ta batun 'yan sanda da korarsa daga makiyayar da ubansa ya yi kiwo.

Malam Haliru ya ji labari, ya ɗaure kwamfutarsa bayan babur ya taho. Ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Ranka shi daɗe, a ba ni dama in dafa wani hoto gabanka."

Hoton abokan ango ne da tsakar rana. Bayansu akwai inuwar wata bedi, baƙa ƙirin, kamar yadda ta fito a wayar kowa. Ya riƙa jan wani ɗan maɓalli a hankali, inuwar ta soma washewa. Sai ga amalanke cike da harawa tana fita gari. Sai ga bajimi biye da ita, baki cike, igiya na jan ƙasa. Ya ƙara ja kaɗan. Sai ga Alhaji Abdulganiyyu da kansa zaune gindin bedin, ya ba bajimin baya, ya naɗe hannun riga, ya nutsa cikin tiren shinkafa har wuyan hannu.

Mai gari ya sa tabarau ya duƙa ya ce, "Alhaji, wanga mai cinyar kaza fa?"

Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ranka shi daɗe, hular dai tawa ta."

Har dogari sai da ya dafa bango don dariya. Washegari aka samo bajimin a Shagari, gidan mai amalanken, wanda ya kwana biyu yana cigiyar mai shi. Bala ya kawo wa Malam Haliru ƙwaryar nono da man shanu, ya riƙe hannunsa.

Malam Haliru, kai ne mai haƙurin da gaggawarmu ba ta kayar ba. Kai ne ka zauna ka fiddo fuskokin tsofaffinmu daga hotunan da muka ɗauka sun lalace. Mun kira ka mai jan rai, ka yi murmushi ka ci gaba da aikinka. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa idon lafiya.

Matasa masu riƙe kyamara a yau, ku je ku zauna da shi tun yana shagon, ku koyi sanin aikin da za a yi sauri da wanda za a tsaya a kansa. In kun tashi zuwa kuma ku tafi da kyamarorinku, domin da muka nemi hotonsa don wannan rubutu, mun bincika gida da shago ba mu samu ko ɗaya ba. Mutumin da ya ɗauki rabin Boɗinga, shi ba wanda ya taɓa ce masa, "Malam, gyara hula, dubo nan."