Ɓarɓashin Faranti a Idona na Dama

Salamu alaikum. Na ga saƙonninku duka. Shirun da kuka ji, likita ne ya hana ni kallon waya. Yau ga bayani.

Ni direba ne a wani gida a nan Riyad. Kafin sanyi ya shigo a fita farauta, maigidana da 'ya'yansa sukan je bayan gari su gyara hannu. Akwai inji mai cilla ƙananan faranti na yumɓu sama, su kuma su harba. Ni ke loda injin. Ni ne kuma alƙali, don yaran ba sa yarda da juna. Da an harba sai ka ji, "Ya Sani, wa ya fasa?" Dole in ɗaga kai in duba.

Ran nan iska ta juyo wajena. Faranti ya fashe, wani abu ya faɗa min a idon dama.

Na murza. Da muka dawo, Ila ɗan Maraɗi, abokin ɗakina, ya buɗe idon ya hura, ya ce, "Ya fita, ɗan'uwa. Sa kwalli ka kwanta."

Na sa kwallin na kwanta. Ashe bai fita ba.

Ido ya yi ja, ruwa na zuba, ko hasken waya ba na so. Na sa baƙin tabarau na ci gaba da tuƙi, don direban da ba ya gani tikitin gida ake yankar masa. Sai da na kusa gogar wata mota a shataletale, matar maigida tana zaune a kujerar baya, ta ce, "Cire tabaran nan in gani." Daga nan sai asibiti.

Likitan, wani ɗan Sudan, ya ɗiga min ruwa rawaya, ya haska shuɗiyar fitila, ya ciro ɓarɓashin da bakin allura. Bai kai ƙwayar gero ba. Ya ce, "Ya akhi, wannan bai yi ɓarna kamar hannunka ba. Murzawa da kwalli ne suka mai da shi gyambo."

Suka kwantar da ni. Magani kowace awa, ko kana barci a tashe ka. Inshora ta biya gado, wani maganin ni na saya.

Kullum da safe a rufe min idon hagu, a nuna allo mai harafi mai ƙafa uku, in faɗi inda ƙafafun suka duba. Da fari ko allon ban gani ba. Abin da nake tsoro ke nan, ba ciwon ba.

A hankali na riƙa saukowa layi-layi. Da na kai wanda ake so, likita ya ce, "Khalas, shi ke nan, yi tuƙinka." Tabo ya rage kaɗan, yana nan kamar hazo a gefe.

Alhamdulillahi. Na gode wa uwargida, da Ila da ya yi ta kawo min tuwo yana ba ni haƙuri, da ku masu addu'a.

Wanda duk aka sa aikin nan, ya nemi gilashin kare ido kafin ya taɓa injin. In abu ya faɗa maka a ido, kar ka murza, kar a hura, ka tafi asibiti ranar. In kuma iska ta juyo wajenka aka tambaye ka wa ya fasa, ka sunkuyar da kai ka ce Allah ne masani.