Randar da Baba Ya Yi wa Fenti

A gidanmu na unguwar Birni abu biyu ne ba a taɓa wa Kaka: buzun sallarta da randarta. Buzun kowa ya san dalili. Randar kuwa, in ka gan ta sai ka yi mamakin abin da ake wa tsaro. Tsohuwa ce tukuf, baki ya ɓare ta gefe ɗaya, gindi kore shar da gansakuka, jikinta kullum a jiƙe kamar wadda ta gama daka. A kan jaki aka ɗauko ta daga Durum ranar da aka kawo Kaka gidan miji, kuma tun ranar tana girke a inuwar bakin ɗakinta, inda iska ke ratsowa daga zaure. Amma ruwanta! Ko a tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun Zinder ke huci har bayan faɗuwar rana, in ka kai moɗa baki sai haƙoranka sun amsa. Da azumi maƙwabta kan aiko da kwano a sam musu na buɗe-baki.

Kaka ita ta haifi Baba, kuma shi ne ɗanta na fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Sunansa Isuhu, amma a bakinta “wancan” ne. In ya durƙusa a bakin ƙofa da safe ya gaishe ta, tana kallon bango take amsawa. In kuma tana son wani abu a wurinsa, ni ake aika, ko da yana zaune a gabanta. “Maigida,” haka take kirana, tsokana irin ta kaka da jika, “gaya wa wancan gishiri ya ƙare.” Sai in juya in gaya wa mutumin da ya riga ya ji. Ina yaro na ɗauka gaba suke yi. Har na taɓa tambayar ta ko ba ta son shi ne, ta talle mini ƙeya ta ce in tashi in ba ta wuri.

Da zarar an ci tuwo, ni da ƙanwata Ramatu da yaran maƙwabta mukan kewaye ta. In lokacin ɗari ne, a bakin murhu muke zama, tana tura gyaɗa cikin toka tana tono mana da ɗan tsinke. Kaka ba ta cika ba da labarin gizo da kura ba. Ita kayan gida take sa wa baki. A wurinta muka ji dalilin da ya sa taɓarya ba ta gajiya da dukan turmi, da yadda allura ta rasa idonta ɗaya, da abin da ya sa ƙwarya ke iyo amma cokali na nutsewa. Kowanne da muryarsa: turmi da ƙatuwar murya ta cikin ciki, allura da ’yar siririya ta hanci. Baba kuwa yakan zauna can nesa kusa da zaure, ya ba mu rabin baya, yana fifita gawayin shayinsa kamar ba ya jin komai.

Baba mai fenti ne. Ƙofofin shaguna, tagogin lakwal, wato makarantar boko, bangon ofisoshi, duk hannunsa ya bi ta kansu, kuma farcensa ba ya rabuwa da shuɗi. Mutum ne mai shiru, amma ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce. Wata safiya, azumi ya kusa, Kaka ta taka damshin da ke gindin randar, santsi ya kwashe ta, ta faɗi a kan kwankwaso. Kwanaki tana ɗingishi. Na ga Baba yana yawan tsayawa yana kallon wurin.

Da ta warke ta tafi wani suna a Takieta, shi ne ya sami sarari. Ya juye ruwan, ya kankare gansakukar, ya shanya randar ta bushe ƙamas, sannan ya shafe ta da fentin mai, shuɗi, shafi a kan shafi har ba sauran kafa. A wuya ya yi mata farin zane irin na bangon gidajen Birni. Wallahi ta yi kyau. Aka cika ta da ruwa, gindi ya kwana a bushe, ko ɗigo babu.

Kaka ta dawo ta tsaya a kanta da ƙunshin kaya a ka. Ni har na matsa baya, don na san abin da ya sami wanda ya taɓa tsoma moɗa mai datti a ciki. Ta daɗe tana kallo. Can ta ce, “Maigida, gaya wa wancan an gode.” Na gaya masa. Baba ya yi murmushi har haƙoransa suka bayyana, abin da ba kullum muke gani ba.

Aka ɗauki azumi cikin tsananin zafi, sai abu ya fito fili. Ruwan randar ya koma ɗumi kamar na wanka, ga warin fenti. Maƙwabta suka daina aiko kwano. Inna, mahaifiyarmu, takan ɗebo mata mai sanyi daga tulunta, Kaka ta ture. “Ina da randata,” in ji ta. Ta san in aka gan ta tana shan ruwan wani wuri, zancen zai kai kunnen Baba, ya gane aikinsa ɓarna ya yi. Shi kuma a ƙofar gida yake shan ruwa tare da maza, bai san me ake ciki ba. Tsohuwa ta wuni da ƙishi, ta kurɓi ɗan kaɗan ta ajiye moɗa. Leɓenta ya tsattsage, muryarta ta shige, tatsuniya ta tsaya. Na ji tsoro ƙwarai a kwanakin nan, don ban taɓa ganin Kaka ta yi shiru ba.

Rannan na ji Inna na ce mata, “Iya, ki yi mini aikin gafara, amma yau zan faɗa masa.”

“Kul,” in ji Kaka. “Ki faɗa masa ya kusa kashe uwarsa da ƙishi? Bari, ni na san ta inda zan bi.”

Da aka sha ruwa duhu ya fara, Baba ya shigo ya hura gawayinsa. Sai Kaka ta ce a jawo mata tabarma kusa da wutar, wai idonta ba ya gani. Ba ta taɓa zama kusa da shi haka ba. Ta gyara murya ta buɗe tatsuniya yadda ta saba, ta ce, “Ga wata baƙuwa nan a zaure, ta ce a yi mata iso.” Muka amsa da ƙarfi, “Ta shigo mu ji ta!”

Ta ce a da can, Rana ba ta ƙaunar ruwan sanyi. Duk inda ta gan shi, a tasa ko a ƙwarya, sai ta shiga ta zauna a ciki. Randa ta ga abin ya ishe ta, ta kira Iska, wanda kullum yake yawo da busasshen maƙogwaro. Ta ce masa, “Zo mu shirya. Ni zan riƙa tsattsafo maka ruwa ta jikina kana lasa, kai kuma in za ka wuce ka tafi da zafin da Rana ta zuba mini.” Iska ya ce, fuuu, ya yarda. A nan Kaka ta kumbura kumatu ta hura wa Ramatu a kunne, muka fashe da dariya. Tun daga ranar Randa ke zubar da kaɗan, abin da ya rage a cikinta ya yi sanyi.

To, a garin akwai wani saurayi ana ce masa Ɗan Gyara. Ya zo wucewa ya ga Randa sharkaf, ya tsaya. “Baiwar Allah, kukan me kike?” Randa ba ta magana da mutane, sai ta yi shiru. Ya ce a ransa, wannan tun yaushe take kuka ba wanda ya share mata hawaye? Ya tafi daji ya sha harbin zuma, ya samo kaki, ya narka, ya shafe ta tas. Hawaye ya tsaya. Da Iska ya zo ya lasa ya ji a bushe, sai ya ce an karya alkawari, ya yi gaba abinsa. Rana ta shiga ta miƙe ƙafa. Tsohuwar da ke da Randa ta kurɓa, ta ji kamar romo.

“To me ya sa tsohuwar ba ta gaya masa ba?” na tambaya.

“Da wane bakin, Maigida? Akwai wanda ake iya gaya wa magana, akwai wanda ba a iyawa.”

Fifitar Baba ta tsaya. Ramatu, wadda ba ta san dawan garin ba, ta turo baki ta ce, “Ni dai Ɗan Gyara mugu ne.”

Kaka ta juyo mata da sauri. “Mugu? Ke, rufe mini baki. Duk garin nan, mai doki da mai jaki, kowa ya sha ruwan Randa ya wuce. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambaye ta abin da ke damunta sai shi. Tsohuwar nan da za a tara mata samarin duniya a ce ta zaɓa, shi za ta sake ɗauka.” Sai ta ce, “Baƙuwa ta ɗauki takalmanta. Ku tashi, an kira lisha.”

Shayin Baba ya tafaso ya zube a kan gawayi, ya yi cuu, bai ko kai hannu ba.

Washegari kafin azahar ya shigo da sabuwar randa a kafaɗa, ja, ba ko ɗigon ado. Ya haƙa ɗan rami a bakin ɗakin, ya cika shi da tsakuwa da yashi don damshin ya riƙa nutsewa, ya girka ta a kai. Inna ta yi ta ɗauraye ta har ƙanshin ƙasa ya ragu. Da ya sunkuya zai ɗauke shuɗiyar ya fitar, Kaka ta ɗora hannu a bakin randar, tana kallon bango.

“Maigida, gaya wa wancan ya bar mini kayana.”

Cikin ɗaki ta sa aka shigar da ita, kusa da gadonta. A ciki take ajiye zannuwanta na fita, kuma duk baƙuwar da ta zo sai an nuna mata zanen wuyan. A ranar, da aka kira magariba, Kaka ta shanye moɗa guda ba ta sauke ba.

Da na yi nisa a lakwal, mushe, wato malaminmu, ya koya mana yadda ruwa in yana bushewa yake tafiya da zafi, shi ya sa zufa ke sanyaya jiki. Ban ga inda suka saɓa da Kaka ba, sai dai shi ba ya kumbura kumatu. Na daɗe ina zaton ma’anar tatsuniyar ke nan, musamman da na sami firigo a gida, wanda in an ɗauke wuta sai mu koma wa randa muna ba ta haƙuri.

Sai da Kaka ta rasu na gane sauran. Lokacin na yi aure har da ’ya’ya. Baba ya karɓi gaisuwa kamar yadda ake son namiji ya yi, ido a bushe, yana ce wa kowa sai haƙuri. Aka watse, ya daina cin abinci, ya daina fita aiki. In na taɓa hannunsa sai in ji shi zau, alhali likita ya ce bai ga komai ba. Wata yamma na same shi a ɗakin Kaka, zaune kusa da shuɗiyar randar. Na hura gawayi na ɗora masa shayi.

“Kana tune da labarin nan?” ya tambaye ni.

Na ce ina tune. Ya ce in ba shi. Na ji nauyi, ƙato da ni ina yi wa mahaifina tatsuniya, amma na fara. Na yi muryar Randa, na yi ta Iska. Da na zo inda Ramatu ta ce mugu ne, na faɗi amsar Kaka yadda na riƙe ta.

“Sake faɗin wurin nan,” in ji shi.

Na sake.

“Tun da ta haife ni,” ya ce, “maganar da ta taɓa yi mini ke nan.”

Sai hawaye ya ɓalle masa, yana bin gemu yana ɗiga a riga. Bakina ya buɗe zan ce Baba yi haƙuri, hannuna har ya kai aljihu neman hankici. Na dubi randar, na mayar da hannuna. Na bar shi ya yi ta yi har aka kira magariba. Da ya gama ya share fuska da kansa, ya ce in duba ko akwai sauran tuwo.