Malamin da Ba Ya Amsa Gaisuwa

Lokacin kullen korona makarantar 'yan biyuna ta koma cikin wayata. Malamin lissafi ya ɗauki darasi a bidiyo ya turo, ni kuma in jingina wayar da gwangwanin madara, in yi ta tattaro yara kamar awaki. Maigidana kuwa, kulle ya rutsa da shi a Abuja. Ga girki, ga aikin ofis, ga jarabawar shiga sakandare tana matsowa. Na gaji ƙwarai, har kuka na sha a kicin.

Wata safiya surukata, da muke kira Dada, wadda ta zo mana nan unguwar Nukkai daga ruga, ta leƙa wayar. Ta ga mutum, sai ta gyara mayafi.

"A waali jam?" ta gaishe shi da Fulatanci.

Malam ya ci gaba da rubutu a allo. Ta sake da Hausa, nan ma bai tanka ba.

"Kashe abin nan," in ji ta. "Wanda bai iya amsa gaisuwa ba, me zai koya wa jikokina?"

Na yi bayani har bakina ya bushe, ta ce ai ga idonsa nan yana kallonta. Yara kuwa faɗuwa ta zo daidai da zama, suka arce waje. Ni wace ce da zan yi musu da uwar miji? Karatu ya tsaya cak, hankalina ya tashi.

Na cire kunya na kira malamin, wani mutumin garin Kona mai fara'a, na faɗa masa abin da ya faru. Ya yi dariya har da tari. Washegari bidiyonsa ya fara da cewa, "Dada, ina kwana? Ka tashi lafiya? Yaya shanu?" Sai ya yi shiru yana murmushi, ya bar mata wurin amsawa.

Yara suka ƙyalƙyale don ya ce mata "ka". Ita ko a jikinta, don ni ma "ka" take ce mini.

"Jam, jam, Malam!" ta amsa, fuska washe. Ta juya kan jikokinta. "Ku zauna. Ba a tashi a bar baƙo yana magana."

Daga ranar ita ke shimfiɗa tabarma, kuma ba mai motsi sai Malam ya yi sallama. Ni kuwa na shige ɗaki da hantsi, na yi barcin da na daɗe ban yi ba.