Muhsina, uwar Usaini

Muhsina ɗiyar ƙanena ce, a ƙauyenmu yamma da Managil. Mace ce mai aiki, ita ke riƙe da hawashar mijinta, wato gonarsa ta ban-ruwa, in ya tafi fatauci. Da cikinta ya kai wata biyar, sai ya kumbura cikin 'yan kwanaki, har numfashi ya fara yi mata wuya. Matan gida kuwa murna suke yi.

"Tagwaye ne," in ji uwar mijinta. "Uwar tagwaye ba ta kukan nauyi. Kuma ba a leƙa su da na'ura, fushi suke yi su koma."

Muhsina ta ce mini, "Baffa, wannan ba nauyi ba ne, ciwo ne."

Sai bayan girbin dawa suka yarda na kai ta asibiti a birnin Madani. Likita ya ce mabiyya ɗaya ce ke ciyar da su, jinin ɗaya yana kwarara cikin ɗan'uwansa. Wannan ya rame, wancan zuciyarsa ta gaji. Da an zo da wuri, da an rage ruwan da ya taru a cikinta, ko a tura ta inda ake ƙone jijiyoyin da suka haɗa su.

Babban ya fito jajur, ba rai. Ƙaramin ya rayu. Tsofaffi suka ce dole a sa masa Usaini, tunda shi ya zo na biyu. Har yau duk baƙuwar da ta ji sunan sai ta yi murmushi ta ce, "To, ina Hasan ɗin?"

Muhsina ta daina zuwa biki.