Malam Suhaib, Mai Kashe Wa Kansa Wuta

Shekara da shekaru, kowace safiya Malam Suhaib zai buɗe shagonsa na gyaran kwamfuta a bayan kasuwar hatsi ta Hunkuyi. Zai jona faifan ajiya, irin sabon nan da ake kira SSD, ya fara zuba masa fayiloli. Ana tsakiyar aiki sai ya finciko soket da hannunsa. Ya mayar, ya duba abin da ya tsira, ya sake. Masu awon masara har tsiya suke masa: "Malam, a ƙasar da ake addu'ar a kawo wuta, kai kashewa kake yi?" Murmushi kawai yake yi. Ni na san dalili, don a kaina abin ya faro.

Shekara takwas ke nan na kai masa tsohon faifai mai juyawa, wanda ya fara ƙugi. A ciki akwai tafsirin mahaifina, marigayi Malam Muhammadu Auwalu na Paki, na azumi guda cur, zama talatin. Ya kwashe zuwa sabon faifai, ya yi gwajin da ya saba, gwajin ya ce lafiya lau. Muna nan aka ɗauke wuta. Da ta dawo, zama ɗaya kaɗai ya buɗu. Tsohon faifan kuwa bai ƙara tashi ba.

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Shi ko ya ce, "Hajiya Wasila, ki yafe mini. Gwajin nan don tsohon faifai aka tsara shi. Sabon yakan ce ya adana alhali abin yana hannunsa, bai ajiye ba. Ni na yarda da maganarsa."

Daga ranar ya tasa gwajin a gaba. Ya gano faifan yana sharar cikinsa, yana sauya wa fayiloli wuri, a lokacin da ya ga dama, shi ya sa gwaji ɗaya zai ci yau, gobe ya faɗi. Ya gyara gwajin yadda sai ya tilasta wa faifan ya ajiye, ya jira, a yanke wuta, a karanta. Sai faifai ya tsallake sau ɗari yake zuba masa muryar wani. Malama Badi'a ta Makarfi ta gaya mini sati biyu ya hana ta karatun kakanta da aka naɗa, yana gwajin faifai, har ta yi fushi. Faifan farko da ta kawo ya faɗi a gwaji na sittin da uku. Yau jikokinta suna jin muryar tsohon, ba abin da ya ɓace.

Kai ne, Malam Suhaib, ka mayar da kuskuren yini ɗaya aikin shekara takwas. Ba wanda ya sa ka. Yanzu idanunka sun gaji, ka miƙa shagon ga 'yarka Firdausi, kuma na ji ita ma tana fincike soket. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri. Masu riƙe amanar mutane, ku je ku ga yadda ake yi.

Ni dai zaman nan ɗaya nake da shi, minti arba'in. Na haddace har inda Baba yake gyaran murya. A ƙarshe yakan ce, "Gobe za mu ɗora daga nan." Sai in mayar da shi farko.