Kujerar Mai Zaman Banza

Tun ina budurwa na zaɓi motata. Ja ce, mai baƙin gilashi, irin wadda ke tsayawa a ƙofar gida cikin littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa ina ɓoyewa a ƙarƙashin keken ɗinkin innata. A littattafan nan namiji ne ke tuƙi, shi zai zagayo ya buɗe ƙofa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Da lokacin sayen mota ya zo mini, na haura arba'in, kuma ni ce zan riƙe sitiyari.

Maigidana direban bas ne tsakanin Jos da Bukuru tun kafin aurenmu. Hawan jinin ido ya cinye masa idon hagu ba mu ankara ba. Na daman kuwa, likita ta ce magani zai rage wa ciwon gudu, amma ba zai tsayar da shi ba. Ya ajiye tuƙi, ya koma zaman benci a ƙofar shagon ɗinkina a Dilimi.

Wata rana muna dawowa daga asibiti ya tsaya a bakin titi yana kallon duwatsun da suka hau kan juna daga nesa.

"Kin san wani abu?" ya ce. "Duk shekarun nan ina wuce su, ban taɓa kallonsu ba. Kwalta nake kallo, sai hannun fasinja."

A nan na yanke shawara. Kowace Asabar zan kai shi ya ga wani wuri, tun da sauran gani. Mun gwada shatar mota, amma direba ba ya haƙurin mutumin da sai ya daɗe yana juya kai kafin ya kama abu da ido ɗaya. Na ɗauki adashina, na sayar da keken surfani guda, na haɗa da sarƙar aurena. Abin da ya taru ba ya sayen mafarki, amma yana sayen tsohuwar mota. Tuƙi kuwa a filin makarantar unguwa na koya, da motar ƙanena, maigida yana gefe yana jin kukan inji yana cewa, "Kulochi, baiwar Allah, kulochi! Ba keken ɗinki ba ne."

A Bukuru akwai wani dillali, ɗan kudu ne amma haifaffen nan, wanda ya san maigida tun a tasha. Yana ganinmu ya ware hannu.

"Oga direba! Yau kai ne fasinja? Madam, shigo, mota yana nan kala-kala."

Ban ji sauran maganarsa ba, domin na gan ta. Tana can ƙarshen layi, ja, gajeriya, gilasanta baƙi wuluk. Ta tsufa, fentin ya koɗe a kan boneti, shi ya sa kuɗinta bai fi ƙarfina ba. Na ji kamar ranar da aka kawo lefena. Na shafa ta, na ga fuskata a jikin gilashin, na ga yarinyar nan mai ɓoye littafi.

Muka fita gwaji, dillali a baya, maigida a kujerar mai zaman banza. Ya saurari injin, ya gyaɗa kai.

"Lafiyarta ƙalau. Saye ta. Tun yaushe kike ba ni labarin jar mota."

Daɗi ya kama ni har na kusa hawa kan kwalbati. Muna tsaye a mahaɗa, na hango wata mai tumatir ta gefensa, ta jera su jawur a ƙarƙashin wata katuwar lema.

"Malam, dubi tumatirin can. Mu saya?"

Ya juya, ya daɗe yana kallo. "Sun yi kyau," ya ce, amma ba wajen yake kallo ba. Bangon da ke gaba da ita yake kallo.

Na gangara gefen titi na kashe mota. Na ce ya fito mu yi musanya. Na zauna a kujerarsa, na ja mayafina na rufe idon hagu, na ƙanƙance na dama har duniya ta zama zare. Kujerar a ƙasa take kamar tabarma. Tagar ƙarama ce, ga duhun gilashi. Abin da na iya gani bai wuce ƙafafun mutane da bakin kwata ba. In an sauke gilashin kuma, iskar Jos mai sanyi za ta shiga idon da likita ta ce a kare.

"A ɓare baƙar ledar gilashin mana," na ce wa dillali.

"Madam, ba leda ba ne. Haka ya zo daga kamfani."

Maigida ya ce a hankali, "Ki bar ni da ganina, ki sayi abin da ranki ke so."

"Abin da raina ke so ke nan nake yi," na ce. Na mayar wa dillali makullin.

Muka koma filin motocin, na fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba na buɗe boneti, ba na taɓa sitiyari. Ƙofar dama nake buɗewa, in zauna, in rufe ido ɗaya, in leƙa. Makanikan da ke wurin suka ajiye aiki suna kallona. Ɗaya ya ɗaga murya, "Hajiya, direba za ki ɗauka ne? Ga ni!"

"In ka koyi wanke hannu ka zo," na ce masa, suka fashe da dariya.

Dillali yana biye da ni yana share gumi. "Oga, matarka yana sayen mota ko yana sayen taga?"

"Ka bar ta," in ji maigida. "In ta sa kai, ni ma hanya nake ba ta."

A bayan fili, kusa da tarin tsofaffin tayoyi, na sami wata doguwa mai faɗin baya, ruwan ƙasa, ƙofa ɗaya ma ba launinsu ɗaya da sauran ba. Ta yi rayuwarta tana ɗaukar dankalin Turawa daga ƙauye, har yanzu cikinta warin ƙasa yake. Na zauna. Kujerar a sama take, gilashin fari tas, mai faɗi kamar tagar aji. Da rabin ido na ga sama, na ga bishiya, na ga wani dutse can nesa.

Na kamo hannun maigida na zaunar da shi. Ya fara juya kai a hankali, ya tsaya.

"Waccan ba hasumiyar masallaci ba ce?"

Ita ce. Na juya baya na gyara mayafi don kada makanikai su ga fuskata.

Sannan aka tayar da injin, maigida ya saurara, ya ce tana tari amma ba na mutuwa ba ne, a canja mata fulogi da bel. Muka yi ciniki har dillali ya rantse da harshe uku, ya sallama.

Asabar ta farko na soya doya da ƙwai, na cika fulas da shayi, muka nufi wani tsohon ramin kuza da ya zama tafki a bayan Bukuru. Motar ta mutu mini a kan hawa, na ja birkin hannu, na sake tayarwa, ta sake mutuwa. Na ce mata yau ko ni ko ita. A karo na gaba ta haura tana gurnani.

Na faka ta yadda tagarsa za ta fuskanci ruwan. Na fito, na zagayo, na buɗe masa ƙofa. Ya ɗaga hannu.

"Dakata tukuna. Daga nan ma ina gani." Ya ƙura wa ruwan ido. "Ashe kore ne. Na ɗauka duk ruwan kuza ja ne."

Na mayar da ƙofar a hankali saboda iska, na koma kujerata na zuba mana shayi. Ya karɓa bai ɗauke ido daga ruwan ba.

"Direba," ya ce, "Asabar mai zuwa ina muka nufa?"